Raƙumi a Ƙasar Gwandu: Kada Mu Ci Moriyar Ganga Mu Ya da Kwaurenta

Idan damina ta kankama, manomin Dalijan ba shi da abokin tsere irin lokaci. Ƙasar tudu ta wannan yanki na ƙaramar hukumar Gwandu rairayi ce, tana shan ruwa da wuri tana kuma bushewa da wuri, wanda ya yi sanyin jiki kwana uku sai ya tarar laima ta tafi ta bar shi da irin gyaɗa a hannu. A irin wannan safiya ake ganin amale guda an ɗaura masa garma, yaro na gaba riƙe da akala, magidanci na baya yana danne hannun garmar, kunya na tashi a miƙe daga wannan iyaka zuwa waccan. Aikin da sai an haɗa shanu biyu kafin a yi shi, raƙumi ɗaya ke jan sa. Kafin rana ta take an kwance shi, ya miƙa wuya kan dogon yaron bakin gona ya yi kalaci, ba a auna masa mai ba, ba a sayo masa gyara daga birni ba. Da kaka shi ne zai kwaso dammunan gero da harawa. Da rani kuma, lokacin da albasa ta nuna a fadamu, shi zai gurfana a ɗora masa buhu a dama buhu a hagu, ya miƙe da gurnani, ya bi ta cikin yashin da ke kafe mota har ya kai bakin titi. Wanda ya san Kambaza da Dodoru da Malisa, ko ƙauyukan Kalgo irin su Diggi da Zuguru, ya san wannan hoto.

Abin da ya kamata ya dame mu shi ne, dabbar da ke wannan aiki kusan duk baƙuwa ce. Daga Nijar ko Cadi ake kawo ta, mu saya, mu more ta, in ta gaji mu miƙa wa mahauta, sannan mu koma kasuwar iyaka mu sayo wata da tsada. Manomanmu sun gano amfanin raƙumi tuntuni, amma ba mu mayar da shi dabbar kiwo ba, kuma tsare-tsaren gwamnati na noma da kiwo da wuya su ambaci sunansa. Hujjar da wannan rubutu ya tsaya a kai ita ce raƙumi rayayye, mai aiki, mai haihuwa, mai nono, ya fi raƙumin mahauta daraja nesa ba kusa ba, kuma yanki irin Gwandu da Kalgo, inda zafi ke ƙaruwa, makiyaya ke ƙuntata, man fetur ya gagari talaka, yana cikin wuraren da suka fi buƙatar gane haka. Duniya ma ta waiwayo: Majalisar Ɗinkin Duniya, bisa shawarar ƙasar Bolibiya, ta ware shekarar 2024 ta zama shekarar raƙumi da danginsa, saboda miliyoyin iyalai a ƙasashe fiye da 90 da waɗannan dabbobi suke rayuwa.

Sanayyar ƙasar Hausa da raƙumi tsohuwa ce. A kansa gishirin Balma da dabino suka ƙetaro hamadar Tenere zuwa Abzin, daga can ayari ya gangaro Katsina da Kano da Sakkwato, ya koma da gero da tufafin rini da fatu. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, cikin ayarin gishiri na Abzinawa ya shigo ƙasar Hausa a farkon 1851. A 1853 ya sauka Gwandu, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi ɗan Fodiyo, inda ya samu kwafin littafin Tarikhus Sudan. Littattafai da malamai da fatake duk a bayan raƙumi suka yi ta ratsa Sahara. A fiƙihun da ake karantawa a zaurukan Gwandu ma darajarsa a bayyane take: zakka ba ta hawa kan shanu sai sun kai 30, tumaki da awaki sai 40, amma raƙuma 5 kacal sun isa nisabi. Sai dai a wancan zamani raƙumi na Buzu ne, Bahaushe yana ganinsa ne yana wucewa. Fari mai tsanani na farkon shekarun 1970 da na tsakiyar 1980, tare da annobar bushiya da ta karkashe shanu a 1983, su suka sauya lissafi. Makiyayan arewa suka gangaro kudu da abin da ya tsira, wanda ya fi tsira kuwa raƙumi ne da akuya, manoman ƙasar Sakkwato da Kabi suka ga dabbar da ba ta faɗi ba lokacin da shanu ke zubewa, suka fara gwada ta a garma.

Sirrin wannan juriya a jikinsa yake, ba mamaki da Alƙur'ani a Suratul Gashiya ya ja hankalin mutane ga halittarsa. Tozonsa kitse ne, ba ruwa ba kamar yadda yara ke zato, rumbu ne da yake ci daga ciki in abinci ya yi wuya. Masani Knut Schmidt-Nielsen, da ya yi bincike a saharar Aljeriya a shekarun 1950, ya nuna cewa raƙumi mai ƙishirwa yana barin zafin jikinsa ya sauka zuwa wajen digiri 34 da asuba, ya hau sama da 40 da rana, don kada ya ɓarnatar da ruwa wajen gumi, da dare kuma ya saki zafin a iska. Yana iya rasa ruwan da ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa yana tafiya, alhali rabin haka na iya kashe yawancin dabbobi. In ya isa rijiya ya shanye lita 100 cikin 'yan mintoci, jininsa bai lalace ba, domin ƙwayoyin jininsa masu siffar ƙwai suna kumbura ba su fashe ba. Fitsarinsa kaɗan ne mai kauri, kashinsa busasshe. Ga mai noma a inda ruwan sama ba ya wuce wata huɗu zuwa biyar, kuma zafin Afrilu ke haura digiri 40, ma'anar wannan a fili take: a ƙarshen rani, lokacin da shanun huɗa suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, daidai lokacin da ake buƙatar ƙarfinsu, raƙumi yana nan da sauran kuzarinsa.

Yadda yake ci ma abin lura ne. Saniya ƙasa take duba, ciyawa take nema, ciyawa kuwa ita ce ta fara ƙarewa. Raƙumi sama yake kallo. Leɓensa na sama a tsage yake, cikin bakinsa da kauri, sai ya kama reshen bagaruwa ko farar ƙaya ya zare ganyen tsakanin ƙayoyi, ya tauna har da ƙayar, ya ɗan yagi aduwa, ya matsa ga magarya, ya wuce. Yana cin ganyen da ya kai tsawon mita 3, inda akuya da tunkiya ba su kaiwa, yana kuma cin mai ɗaci irin na dogon yaro da yawancin dabbobi ke ƙi. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani, kamar domin shi aka halitta. Saboda haka ba ya gasa da shanu da tumaki a kan abinci ɗaya, garken da ya haɗa su yana cin moriyar daji hawa biyu. Tafin ƙafarsa faffaɗa ne mai laushi, ba kofato mai kaifi da ke farfasa ƙasa iska ta kwashe ba. Kashinsa taki ne a gona. Wani bincike da masana a birnin Zurich suka wallafa a 2014 ya gano cewa raƙumi da danginsa suna fitar da iskar methane mai ɗumama duniya ƙasa da abin da shanu da tumaki masu irin nauyinsu ke fitarwa, galibi domin cinsu bai kai nasu ba. Jihar Kabi na cikin jihohi 11 da shirin dasa ganuwar itatuwa ya ɗauka a matsayin na bakin hamada, kuma dabbar da ke rayuwa a kan itace dalili ce ta sa manomi ya bar itace a gonarsa.

Sai batun aljihu. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. Kowane buhun albasa da ke fita daga fadama zuwa kasuwar Aliero ko Jega, kowane buhun taki da ke shiga gona, sai da ya ɗauki rabonsa na wannan tsada. Jaki, wanda da shi ne motar talaka, ya yi ƙaranci ya yi tsada saboda cinikin fatarsa zuwa Sin, har ta kai Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jakuna don fata a Fabrairun 2024. A wannan giɓi raƙumi ya shiga. Yana ɗaukar kilo 150 zuwa 200 ya yi tafiyar kilomita 30 a yini, a amalanke kuma ya ja fiye da haka. Mai raƙumi yakan gama huɗar gonarsa ya yi wa maƙwabta a biya shi, ya yi jigilar taki da kara da rake da itace, shekara ta zagayo bai zauna banza ba. Kuɗin da manomi ya biya mai raƙumi a cikin gari yake zagayawa, ya je wurin maƙeri mai gyaran garma, da baduku, da mai dusa, da mai kanwa. Kuɗin da aka zuba a tankin mai kuwa ya bar garin ke nan. Bayan shekaru goma ko fiye na aiki, raƙumin yana da sauran kuɗi a kasuwa, injin da ya mutu kuwa sai 'yan gwangwan.

To ina matsalar? Alƙaluman Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna akwai raƙuma wajen miliyan 40 a duniya, fiye da kashi 80 cikin ɗari a Afirka. Cadi da Somaliya da Sudan ne a gaba, Nijar na da sama da miliyan ɗaya da rabi, Nijeriya kuwa wajen dubu 300 kawai gare ta. Duk da haka kullum ana yanka raƙuma a mahautar Kano da ta Sakkwato da ta Maiduguri, kuma da Babbar Sallah jama'a na haɗa kuɗi su yi watandar raƙumi saboda aukin namansa. Abin da ke cike wannan buƙata shi ne kasuwannin iyaka irin su Illela da Mai'aduwa da Maigatari. Manomi namiji yake nema don garma, taguwa kuwa in ta shigo sau da yawa hanyar mahauta take bi, kuma binciken likitocin dabbobi a mahautun arewa ya sha nuna ana yanka masu ciki a cikinsu. Wannan cin uwar kuɗi ne. Haɗarin dogaro da kasuwannin iyaka ya bayyana lokacin da aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, lokacin da iyakar ta zauna a garƙame har Maris na 2024. Duk wanda ƙarfin gonarsa ke hannun wata ƙasa, raƙumi da akala yake, inda aka ja shi nan zai bi.

A nan ne labarin dangin raƙumi na Kudancin Amurka ke da amfani gare mu. A tsaunukan Andes, inda mutane ke zaune a tudun da ya kai mita 4,000 kuma sanyi ke hana yawancin amfanin gona, akwai 'yan uwansa huɗu marasa tozo: lama da alfaka na gida, bikuna da gwanako na daji. Shekaru dubu 6 ko fiye ke nan da aka fara kiwonsu. Lama ke ɗaukar kaya, kimanin kilo 25 zuwa 30, a kanta daular Inka ta yi fatauci. Alfaka ana kiwonta don gashi mai laushi, mafi yawanta a ƙasar Peru, a can yankin Puno, masaƙun kuma a birnin Arekifa. Kashinsu shi ne makamashi da takin dankali, namansu ana shanya shi kamar kilishinmu. Da Sifaniyawa suka ci ƙasar a 1532 suka shigo da tumaki da shanu, aka mayar da lama dabbar ƙauyawa, namanta abin raini, yawansu ya faɗi warwas. Bikuna kuwa, mai gashin da ke cikin mafi tsada a duniya, an yi ta harbinta don fata har a shekarun 1960 waɗanda suka rage a Peru ba su wuce dubu 10 ba. Abin da ya cece ta, bayan hana farauta, shi ne farfaɗo da tsohuwar al'adar gayya: mutanen ƙauye su fito su yi wa garken ƙawanya, su aske gashin, su sake su. A tsakiyar shekarun 1990 doka ta ba ƙauyukan haƙƙin wannan gashi, ƙidayar 2012 kuma ta samu bikuna fiye da dubu 200 a Peru. Da dabbar ta zama ta fi kuɗi a raye, mai farauta ya koma mai gadi. Akwai gargaɗi a ciki ma, domin har yau rabon da makiyayi ke samu ƙalilan ne in an gwada da farashin rigar a kantunan Turai. Wanda bai haɗa kai ya riƙe cinikin kayansa ba, dillali yake yi wa kiwo.

Abin da gashi ya yi wa bikuna, nono ne zai yi wa taguwa. Tana shayarwa shekara guda har zuwa wata 18, tana kuma ci gaba da ba da nono a tsakiyar rani lokacin da hantsar saniya ta ƙafe. Nonon yana da sinadarin bitamin C kusan ninki uku na na shanu, abin da ke da muhimmanci a watannin da ganye da 'ya'yan itace suka yi wuya. A arewacin Kenya, Samburu da Borana, mutanen da shanu ne alfaharinsu kamar Fulaninmu, sun yi ta komawa ga raƙuma bayan fari ya sha share musu garke, har gwamnatin gundumar Samburu ta riƙa sayen raƙuma tana rabawa. Farin 2020 zuwa 2023, da damina biyar a jere suka gaza, ya ƙara tabbatar musu da lissafinsu. Daga garin Isiolo, ƙungiyoyin mata ke tara nonon raƙumi suna sanyaya shi suna aikawa Nairobi kullum. A Muritaniya, kamfanin Tiviski da Nancy Abeiderrahmane ta kafa a Nuwakshot a 1989 ya fara sayen nono daga makiyaya yana dafawa yana ƙunshewa, har ya kai ga yin cukun raƙumi. Kimiyya ma ta samu rabonta: masana a wata jami'a a Brussels sun gano cewa jinin raƙumi da lama na ɗauke da wasu ƙananan garkuwar jiki da babu irinsu a mutum, kuma a 2018 Turai ta amince da magani na farko da aka gina a kansu, na wata cutar daskarewar jini.

Mai musu zai ce wannan komawa baya ne, duniya na maganar tarakta mu muna maganar akala. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma babu mai hankalin da zai ce a nome manyan fadamun shinkafa na Argungu da Suru da raƙumi. Amma a dubi gonar da ake magana a kanta. Mafi yawan manomanmu ba su wuce hekta ɗaya zuwa biyu ba, ita ma a rarrabe, gado ya yanyanka ta, ga itatuwa a tsakiya, ga hanyar shiga da ba ta wuce ta ƙafa ba. Taraktar haya in ta zo, mai babbar gona da mai hanya take fara yi wa aiki, kafin ta iso kan talaka laima ta wuce. In ta lalace a tsakiyar Yuli, kayan gyaranta na Kano ko Legas, farashinsu kuma na bin dala. Saboda haka zaɓin da ke gaban manomin Gulmare ko Maruda yawanci tsakanin raƙumi ne da fartanya, kuma a wannan gwaji raƙumi ci gaba ne. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ci gaban gaskiya a nan shi ne a gyara masa kayan aiki: garma marar nauyi da ta dace da tsawonsa, abin wuya mai laushi da ba ya yi masa gyambo, amalanke mai tayar roba. Waɗannan duk maƙeran Jega da Birnin Kabi za su iya ƙera su in an ba su samfuri.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, shi ne ɓarna. Manoma da dama sun san abin da garken raƙuma ke yi in ya faɗa gonar wake da dare, ko ya tarar da dashen mangwaro. Darnin da ke tare saniya ba ya tare mai dogon wuya. An kuma san makiyayan da ke sassare rassan gawo da marke har itacen ya mutu. Ba a ƙaryata wannan. A Ostareliya, raƙuman da aka saki ba mai su sun yi yawa har gwamnati ta kawar da wajen dubu 160 tsakanin 2009 da 2013. Sai dai a lura, ɓarnar ta fi zuwa ne daga garken da ke wucewa, wanda mai shi ba shi da gona a garin, ba zai dawo baɗi ya tarar da itacen da ya kashe ba. Raƙumin da ke ɗaure a ƙofar gida, mai shi sananne ne, in ya yi ta'adi mai unguwa ya san inda za a je. Maganin ke nan: a tsare burtali da mashaya kada noma ya cinye su, a sa lokacin shigowar baƙin garke bayan an kwashe amfani, hakimai da dagatai da ardo-ardo su tsaya kan diyya, a kuma hana sare itace daga gindi. Masarautar Gwandu na da tsarin da zai iya wannan, domin shi ke sasanta manomi da Bafulatani tun kaka da kakanni. Tsaron dukiyar ma wajibi ne, domin harin da aka kai Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024 a kan satar dabbobi ya faro, kuma ba wanda zai zuba jari a kiwon da za a kore cikin dare ɗaya.

Na uku shi ne jinkiri da cuta. Taguwa ba ta haihuwar fari sai ta kai shekara biyar ko kusa, cikinta wata 13, ɗa guda take haifa, yawanci bayan kowace shekara biyu. Akuya ta haifi jikoki kafin taguwa ta yaye ɗan fari. Gaskiya ne, shi ya sa kiwon raƙumi ba na mai neman kuɗin cefane ba ne, ajiya ce ta shekaru, kuma shi ya sa yanka taguwa mai ciki asara ce da ba a mayar da ita da wuri. Raƙumi kuma ba ya son laka da danshi. Yana santsi a taɓo, ƙazuwa na kama shi, kuma ƙudaje masu cizo da ke yawa a bakin fadamar gulbin Kabi da damina suna sa masa irin sammoren raƙuma, wanda ke ramar da shi ya sa taguwa ɓari. Don haka wurinsa tudu ne da damina, fadama sai da rani. Akwai kuma cututtukan da ke iya tsallakawa ga mutum, irin su bakkale da cutar numfashi ta MERS da aka gano a Saudiyya a 2012. An samu ƙwayar cutar a raƙuman mahautar Kano, ko da yake gwajin jinin ma'aikatan wurin da aka wallafa a 2018 bai nuna sun kamu ba. Darasin mai sauƙi ne: a tafasa nono kafin a sha, a dafa nama sosai, a nisanci dabba mai majina. Masu tallar ɗanyen nono da fitsarin raƙumi a matsayin maganin kowace cuta ba taimakon wannan sana'a suke yi ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi gargaɗi a kan shansu ɗanye.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin tarakta goma ba. Na farko, a duba kowace taguwa kafin yanka, mai ciki a mayar da ita, a kuma samar da asusun da zai saye ta daga hannun mahauci don kada dokar ta zama zalunci a kansa. Na biyu, ƙungiyoyin manoma a Dalijan da Kalgo su riƙa haɗa kuɗi, kamar yadda ake haɗawa don watanda, su sayi taguwa biyu ko uku da amale ɗaya na barbara, 'ya'yan su zama na garma, nonon ya zama na mata su sarrafa su sayar. Masu ba da rancen noma su sa raƙumi cikin abin da ake ba da bashi a kansa, da wa'adin biya mai tsawo da ya dace da haihuwarsa. Na uku, ma'aikatan dabbobi na ƙananan hukumomi su samu horo da magungunan raƙumi, domin yawanci a kan shanu da kaji aka horar da su. Tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe tana nazarin raƙuma, ga jami'ar jiha a Aliero, ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ga cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya. Ilmin yana nan, saura ya fito daga kundin digiri ya iso turke. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka kafa a Yulin 2024 kuma ta sani cewa kiwo bai tsaya ga saniya ba. Na huɗu, duk wanda ya sayi raƙumi ya bar gawo da aduwa da bagaruwa su tashi a gonarsa, domin su ne rumbun abincinsa.

Manomin ƙasar Gwandu bai jira wani taron duniya ba kafin ya ɗaura wa raƙumi garma, shi ya riga masana gane abin da ya dace da ƙasarsa. Abin da ya rage masa shi ne ya mallaki tushen, ya daina sayen ƙarfin gonarsa daga ƙetaren iyaka kowace shekara. Kira ga masu sarauta, da shugabannin ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo, da sarakunan fawa, da duk magidancin da ke shirin zuwa Illela bana: in za a sayo amale don huɗa, a haɗa kai a sayo taguwa tare da shi, in kuma an ga mai ciki a ƙofar mahauta, a juya akalarta zuwa gida.